ABIN DA KE CIKIN INJIN RAHILA

Shafi na 19

Masu tashina da saƙon "Malam ƙara mana" tun kafin in karya, ga shi. Wanda ya zo neman dariya ya yi haƙuri, yau ba ranar kasuwarsa ba ce.

*

Lawban Liyang, mai masana'anta, bai zuba shayi ba.

Abin da Alhaji Muntari ya fara lura da shi ke nan. Tun da yake kawo aiki wannan masana'anta ta bayan Baiyun, bai taɓa zama a kujerar nan ba a dire masa ɗan kofin nan mai girman murfin kwalba ba. Yau buta na gefe a sanyaye. A tsakiyar tebur kuwa wani ƙunshi ne na tsohuwar atamfa, mai ya ci ta har ta yi baƙi.

Harouna ya ja kujera ya zauna a gefensa. Abokin cinikinsa ne, Badamagare, kuma shi ne bakinsa a ƙasar nan. Muntari ya tsufa a Guangzhou, amma Sinancinsa bai wuce na kanti ba: sannu, na gode, babu, rage min.

"Me ya ce?"

"Bai ce komi ba tukun, Alhaji. Kallonka yake."

"To ka gaya masa ni ba amarya ba ce."

Harouna bai fassara ba.

Can Lawban ya yi magana, a hankali, ba da irin hayaniyar da ya saba in ana ciniki ba. Harouna ya saurara har ƙarshe. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Ya ce da sahe ma'aikatanshi sun kwance injin don su auna. Sai suka tarar da wani faranti a ƙarƙashin gindin, an yi mishi walda. Suka yanke. Wannan suka samu a ciki."

Injin matsar man gyaɗa ne, irin na hannu, mai gindin ƙarfe kamar akwati. Na mahaifiyar Muntari ne tun asali. Da ta tsufa ta bar wa matarsa Rahila, ita kuma ta ciyar da rabin unguwa ƙuli-ƙuli da shi. Bayan rasuwar Rahila ya zauna a ɗakin ajiya, kaji na ƙwai a kansa. Bana Muntari ya sa babban ɗansa Musaddiq ya ɗoro masa shi daga Kano, a matsayin samfur, don Sinawa su ƙera irinsa da yawa, a buga sunanta a jikin kowanne. RAHILA, da manyan baƙaƙe. Abin da bai yi mata tana da rai ba yake son ya yi wa ƙarfe.

Lawban ya sa bakin biro ya ɗage gefen atamfar, kamar mai tsoron kunama.

Ƙaramar bindiga ce. Irin mai ƙwarya a tsaka tana juyawa, wadda tsofaffi ke kira libarba. Man gyaɗa ya tsare ta, ko ɗigon tsatsa babu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Harouna.

Muntari kuwa atamfar yake kallo. Ƙarƙashin baƙin man, shuɗiya ce mai zanen ganyen kuka. Shi ya saya da hannunsa zuwansa na farko ƙasar nan. Rahila ta ce kalar tsofaffi ce, sannan ta yi ta ɗaura ta har ta koɗe.

Ya ɗauke kai. Atamfa ai ba ita kaɗai aka buga ba.

"Ya ce kai mutuminshi ne," in ji Harouna, "shi ya sa ya kira ka kahin ya kira polis. Amma zai kira. Ma'aikata duk sun gani. In ya yi shiru, shi za a ɗaure."

"Ka ce ya ba ni ita in jefa a kogi."

"Alhaji, nan Kurmi ce? Ƙasar da ko bindigar roba in ta cika kama da ta gaske sai mutum ya ga alƙali? Ka san yawan kyamarar da ke tsakanin nan da kogi?"

"Kai dai faɗa masa."

Lawban bai jira fassara ba. Ya girgiza kai.

"Meyo banfa."

Wannan kam Muntari ya sani. Babu dabara.

"Sunanka ke kan kayan," in ji Harouna. "Kai ka karɓo shi a tashar jirgin ruwa ta Huangpu, kai ka kawo shi nan. Ba wanda za su tambaya sai kai."

Muntari ya shafa gemu. Ya sake shafawa. Sai ga fuskarsa ta washe kamar wanda ya tsinci allurarsa a rairayi.

"Ta Saje ce."

"Wane Saje?"

"Kakana na wajen uwa. Saje Maidaji. Ya je yaƙin Bama ya dawo da kunne ɗaya da bindiga ɗaya. Ina yaro na gan ta da idona, kowace sallah sai ya fito da ita ya goge ya mayar. Da aka gama yaƙin basasa aka shiga raɗe-raɗin soja za su bi gida-gida neman makamai, sai ta ɓace. Wasu suka ce ya binne, wasu suka ce rijiya. Ashe a injin 'yarsa ya cusa. Kai, tsohon nan!"

Ya yi dariya. Shi kaɗai ya yi.

"Bakano ko a kabari sai ya ɓoye kaya," in ji Harouna, don dai kada dariyar ta mutu ita kaɗai. "Bon. In haka ne da sauƙi. Bari in kira avokan nan da ya yi mana aikin takardun zama."

Ya kira lauyan. Suka daɗe suna Sinanci. Lawban ya kunna taba, ya manta da ita a hannu.

"Ga abin da ya ce," in ji Harouna bayan ya kashe. "Tsohon abin tarihi da ba wanda ya san da shi, kuma kai da kanka ka miƙa, wannan magana guda ce, yana ganin zai iya tsaya maka. Amma kowace bindiga tana da lamba, kamar mota. Da lambar za su gane shekarar da aka ƙera ta. In ta yaƙin Bama ce, lambar za ta hwaɗa. In kuma ka ce ita ce, lamba ta ce ba ita ba, to ka haɗa ƙarya da laihi. Ya ce mu duba tun kahin ka buɗe baki."

"To a duba mana. Ina tsoro ne?"

"Na riga na kira Ikram, tana hanya. Ita ta iya waɗannan abubuwa."

"Wa ya ce ka kira ta?"

"Ɗiyarka ce, Alhaji. In za a tahi da kai, gara ta ga motar da ta ɗauke ka."

Lawban ya nuna wayarsa, ya dubi Muntari. Muntari ya gyaɗa kai. Aka kira 'yan sanda.

*

Ikram ta shigo da lema a hannu, gefen hijabinta a jiƙe. Autarsa ce, tana karatun harhaɗa magunguna a jami'a a nan cikin gari.

"Abba, lafiya? Baba Harouna ya ce in bar aji in zo, bai ko..."

Ta tsaya. Ta tagar ofishin ana hango filin aiki, inda injin ke kwance a gefe guda, gindinsa a buɗe kamar akuyar da aka feɗe.

"Wancan injin Umma ne?"

"Shi ne."

"Wa ya kawo shi nan?"

"Yayanki ya ɗoro min. So nake in ba ku mamaki."

"Yaya Musaddiq? Shi da kansa?"

"Ke yau kunnenki ya toshe ne?"

Sannan idonta ya sauka a kan tebur.

Wanda ya ga maciji a ɗakinsa yakan yi ihu. Ikram ba ta yi ba. Ba ta yi salati ba, ba ta ce mene ne wannan ba. Kallon da ta yi wa ƙunshin irin wanda ake yi wa tsohon maƙwabci ne in an ci karo da shi a baƙon gari. Muntari ya gani. Ya ajiye abin da ya gani a gefe, kusa da atamfar.

Wayar Harouna ta yi ƙara. Lauyan ne kuma. Ƙarar injuna ta hana shi ji, ya miƙe ya fita yana toshe kunne ɗaya da yatsa.

"Zauna," in ji Muntari. "Bindigar kakana ce, Saje Maidaji. An ce tana da lamba. Duba min shekararta a wayar nan taki da ta san komai."

"Abba..."

"Duba."

Ta yi wa Lawban magana. Ya sa safar hannu ya juya bindigar a hankali. A gindin mariƙin, can ƙasa, an buga wasu baƙaƙe ƙanana. Ta ɗauki hoto, ta faɗaɗa. Sunan kamfanin yana jikin hancin bindigar, na Amurka ne. Ta shiga bincike. 

Ruwa na dukan kwano. Lawban na kallon silin.

"To?"

"Waɗanda suka ƙera wa sojan Ingila lokacin yaƙin, da harafi ɗaya lambarsu take farawa."

"Wannan fa?"

"Uku ne. Haruffa uku, sannan lambobi."

"To sai me? Saje ma sunansa uku."

"Masu haruffa uku, Abba, kamfanin bai fara yin su ba sai alif ɗari tara da tamanin."



"Sake dubawa."

"Na duba wuri fiye da ɗaya. Masu tara tsofaffin bindigogi duk bakinsu ɗaya."

"Waya ce fa. Wayar da ta ce min yau za a yi rana."

"Yaushe Saje ya rasu, Abba?"

Ta sani. Kowa a gidan ya sani. Shekarar da aka bar fam aka koma naira, saba'in da uku. Har ana ba da labari cewa ya ƙi taɓa sabon kuɗin, ya ce shi ba zai koyi lissafi sau biyu ba, kuma Allah ya amsa masa.

"Mamaci ba ya sayen bindiga," in ji Muntari, a hankali.

Tun da Lawban ya ɗage atamfar ya san haka. Ta Saje tana da ɗan zobe a gindi, inda yake ɗaura igiya ya rataya a wuya. Yana yaro ya sha zura yatsa a zoben nan. Wannan gindinta sumul. Ya gani tun farko, ya rufe ido, don tsoho ma yana da ikon ya yi wa kansa tatsuniya.

"Dube ni, Ikram."

Ba ta ɗago ba.

"Kin shigo kin ga bindiga a kan tebur ba ki tambaya ba. Kin ga zanen uwarki ba ki tambaya ba. Abu ɗaya kika tambaya, wa ya kawo injin. Ni ban yi jami'a ba, amma na yi kasuwa. Wa ya sa ta a ciki?"

"Na rantse, Abba."

"Wa kika rantse wa?"

"Umma. Da Alƙur'ani a hannuna."

"Wadda kika rantse wa tana kwance a maƙabartar Ɗandolo, ba mai taɓa ta. Wanda za a ɗaure ga shi a gabanki. Ki yi kaffara daga baya, ni zan ciyar miki."

Ta sa bayan hannu ta share hanci, kamar tana ƙarama.

"Ina aji ɗaya a sakandare. Ranar Juma'a ce, maza duk sun tafi masallaci. Muna tsakar gida ni da Umma muna matsa. Sai Yaya Musaddiq ya faɗo ta ƙofar baya, ba takalmi. Hannun rigarsa duk jini."

"Jininsa?"

"A'a."

"Ci gaba."

"Ya durƙusa ya riƙe ƙafar Umma. Yana ta cewa ba da gangan ba ne, wallahi ba da gangan ba ne. A wajen yaran 'yan siyasa ya saye ta, lokacin zaɓe, wai don a riƙa jin tsoronsa. Ya ɓoye ta a shago, cikin dilar yadi. Sai aka gani."

"Wa ya gani?"

Ta dubi ƙofa. Ta rage murya.

"Kawu Issa."

Muntari ya ji kamar an zare masa kujera.

Issa ƙanin Harouna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi yake riƙe musu shagonsu na kasuwar Kwari, su suna aikawa daga nan, shi yana sayarwa a can. Mutum ne mai yawan dariya, mai son shayi da madara. Wata Juma'a aka tsince shi kwance a cikin shagon da harsashi a ƙirji. Aka ce 'yan fashi ne, sun shigo lokacin da kasuwa ta watse. Ba wanda ya tsaya tambayar wane irin ɓarawo ne zai kashe mutum ya bar kaya.

"Kawu Issa ya ce ya ba shi, zai ajiye har ka dawo ya nuna maka. Yaya ya ƙi. Suka kama kokawa da ita. Ta tashi."

"Ta tashi," Muntari ya maimaita.

"Umma ba ta yi kuka ba. Ta kwance zanen jikinta na sama ta naɗe bindigar. Ta sa shi ya yi wanka, ta ƙona rigar a murhu tare da ɓawon gyaɗa. Ta ce ya tafi masallaci ya shiga cikin mutane. Washegari ta aika can Kurna aka kira wani mai walda da bai san mu ba, ta ce gindin injin ne ke yoyo."

"Shi Musaddiq ya san inda take?"

"Ta ce masa ta jefa a kogin Challawa. Da ya sani ai ba zai ɗoro maka ba."

"Ke kuma kina tsaye."

"Ni na riƙe mata fitila tana cusawa."

Lawban ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Bai ji ko kalma ba, amma ya tashi ya kunna butar shayi. Akwai abin da ba ya buƙatar tafinta.

Muntari ya tuna ranar da labarin ya iso. Suna ɗakinsu na unguwar Sanyuanli shi da Harouna, suna cin shinkafa a kwano ɗaya. Harouna ya amsa waya, ya zame daga kan gado ya zauna a ƙasa. Muntari ne ya rungume shi. Muntari ne ya ce, Allah ya tona asirin wanda ya yi, Allah ya hana shi kwanciyar hankali shi da zuriyarsa. Ya faɗa da ƙarfi, da zuciya ɗaya. Ashe addu'ar matafiyi ba ta faɗuwa ƙasa.

Daga wannan shekarar Rahila ba ta ƙara taɓa injin ba. Ya tambaye ta a waya, ta ce ta gaji. Ya ji daɗi. Har ya riƙa faɗa a majalisa cewa ya hutar da iyalinsa, matarsa ta daina wahalar gyaɗa. Da hawan jini ya kama ta, ya ce gishiri ne, ya aika mata da na'urar awo mai magana. Da ta daina barci ya aika da katifa. Yana nan yana auna yadi, yana cika kwantena da barguna da fitilu masu caji, yana zaton shi ne ginshiƙin gida. Ita kuwa kullum ta fito tsakar gida sai ta wuce ta gaban ɗakin ajiyar nan.

"Me ya sa ba ta gaya min ba?"

"Ta ce in ka sani, dole ka zaɓa tsakanin ɗanka da amininka. Ta ce kai ba ka iya zaɓe ba, ko atamfa in ka zaɓa sai ta tsofaffi."

Dariya ta zo masa, ta koma wani abu dabam. Ya sa bakin hannun rigarsa ya danne ido.

"Har ranar da za ta rasu," in ji Ikram, "abin da ta ce min ke nan. Kada a sayar da injin, kada a ba da shi aro."

"Ni kuma na ɗauko shi na kawo wa Sinawa su buɗe."

"Ba ka sani ba, Abba."

"Shi ne aikina a gidan nan ai. Rashin sani."

Ta matso da kujerarta.

"To ka gaya musu haka. Ka ce ba ka sani ba. Gaskiya ce, ba ƙarya ba."

"In na ce ban sani ba, sai su ce wa ya aiko. Sunan wa ke kan takardar aikowa?"

Ya ci gaba bai jira ta ba.

"Sai su rubuta gida a tambaye shi. Kin san yayanki. Ba sai an mare shi ba, tsawa ɗaya zai zazzage komai. Matarsa ko arba'in ba ta yi ba. Sunan wa aka sa wa jaririyar?"

"Sunan Umma."

"To."

"Abba, in ka ce taka ce, ba za su sake ka ba. Ba ƙaramin abu ba ne a nan. Kana da ciwon suga. Ni kuma..."

"Ke za ki gama karatunki."

"Da wane ido? Kai kana ciki shi yana Kano yana shan rake?"

"Kul. Yayanki ne."

"Na san yayana ne! Tun ina 'yar sha biyu nake sanin yayana ne! Duk sallah Baba Harouna ya kawo min tsaraba sai in shiga bayi in yi amai. Ɗan Kawu Issa da aka haifa bayan rasuwarsa, ni nake goya shi in sun zo. Yana ce min Anti. Kowa ya ɗauka, sai shi wanda ya yi ne ba zai ɗauka ba?"

"Uwarki ta ɗauka har ya kai ta ƙasa, ba ta sauke ba. In na sauke yau, wahalar banza ta sha ke nan."

"Kawu Issa fa? Shi ba ɗan wani ba ne?"

 Muntari ya kawar da kai.

A nan ne ya lura Lawban ba su yake kallo ba. Bayansu yake kallo.

Harouna na tsaye a bakin ƙofa. Wayar na hannunsa, fuskarta a kashe. Ruwa ya jiƙa masa kafaɗa ɗaya. Ba wanda ya san tun yaushe yake wurin.

"Harouna," in ji Muntari.

Harouna ya tako a hankali har bakin tebur. Ya daɗe yana kallon bindigar. Ya miƙa hannu kamar zai taɓa, Lawban ya yi wata 'yar ƙara, ya janye.

"'Yar ƙarama ce ashe," in ji shi. "Ni duk shekarun nan babba nake gani a mafarki."

"Harouna, zauna mu yi magana."

"Innarmu har ta rasu tana tambayata ko an kama su. Ina ce mata ana nema."

"Ban sani ba. Wallahi tallahi yau na ji, yanzu, a kujerar nan."

"Na yarda."

"Yaro ne lokacin. Ba da niyya..."

"Na ce na yarda, Muntari."

Tun da suka haɗu bai taɓa kiran sunansa gatsal ba. Ko Alhaji, ko Bakano in ana wasa.

Ikram ta zame daga kujera ta durƙusa.

"Baba Harouna, don girman Allah..."

"Tashi, ɗiyata. Ke ba ki yi komi ba. Tashi, ƙasar da sanyi."

Ya mayar da hularsa, ya daidaita ta da hannu biyu.

"Sun iso. Suna ƙasa."

Su biyu suka hawo. Babba mai furfura a gefen kai, da wata matashiya mai 'yar kyamara maƙale a ƙirji. Ba hayaniya, ba tsawa. Suka ɗauki hoton teburin ta kowane gefe. Matashiyar ta duƙa ta ɗauki lambar gindin, ta karanta wa wani ta waya. Suka karɓi fasfo ɗin Muntari, babban ya duba hoto ya duba fuska, ya sa a aljihunsa.

Ya tambayi wa zai yi tafinta kafin nasu ya zo. Ikram ta ɗaga hannu. Ya tambayi ko ita wace ce, da ya ji 'yarsa ce ya girgiza kai. Ya nuna Harouna.

Harouna ya ja kujerar nan tasa, ya zauna a gefen Muntari, inda ya saba zama.

Babban ya yi tambaya. Gajeriya ce.

"Ya ce bindigar wa ce," in ji Harouna. Bai juyo ba.

Ikram ta kama gefen rigar ubanta.

"Abba."

Ya zame rigar daga hannunta a hankali.

"Tawa ce. Ka ce masa tawa ce. Ni na saya tun ina Kano, ni na sa aka yi waldar, tsufa ya sa na manta. Ba wanda ya sani, har wanda ya aiko."

"Haka zan hwaɗa?"

"Haka."

"Ka tabbata?"

"Ni nake roƙonka, Harouna. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Sai a lokacin Harouna ya juyo ya dube shi. Idonsa a bushe, ja kamar gauta.  Sannan ya fuskanci ɗan sandan, ya gyara murya, ya fara magana.

Muntari ya kasa kunne. Ya san abin da ya faɗa bai fi numfashi biyu ba. Na Harouna ya wuce nan. Ya yi ta tafiya, a nitse, ba gargada, kamar mai karanta abin da ya daɗe da haddacewa. Lawban ya ajiye butar da ke hannunsa. Matashiyar ta gyara kyamararta ta juyo da ita. Babban ya daina rubutu, ya ɗago kai.

Ikram ta miƙe tsaye, hannu biyu a baki.

"Baba Harouna!"

"Ke, me yake cewa?" Muntari ya damƙi hannunta. "Ikram! Me yake gaya musu?"